Haƙori Mai Lamba Talatin

Ni ce a bakin kanta,
asibitin haƙori na titin Belmont, a Fresno,
shekara goma sha ɗaya ina yi wa ciwo kuɗi.
Likita Hovsepian na ciki da injinsa mai kukan sauro,
ni ina waje da nawa, mai tofo takarda.

Ran Talata su biyu suka zo.
Delbert Ruckman, direban bas ɗin makaranta,
da Eusebio Tafoya, mai kaɗe almon a gonar wani,
ƙurar gonar ma ba ta gama barin girarsa ba.
Matauni ɗaya ya hana su barci,
na ƙasa, hannun dama, lamba talatin.
Kumatunsu sun tasa kamar masu ɓoyon goriba.
Ciwo bai tambayi kowa wurin aikinsa ba.

Hoto iri ɗaya, kogo iri ɗaya,
hular da za a kifa wa haƙorin ma iri ɗaya.
Na danna.
Delbert, dala ɗari huɗu da ashirin.
Eusebio, dubu da ɗari biyar.

Ya juya takardar, ko da magana a bayanta.
Ya ce, “Señora, nawa ya fi nasa girma ne?”

In ce masa me?
In ce Delbert bai shigo shi kaɗai ba,
baki dubu arba'in ne cikin katin da ke aljihunsa?
Kamfanin inshora ya riga kowa zuwa, tun Janairu,
ya taya, likita ya ce albarka,
ya juya zai kwashe bakunan nan kaf
zuwa asibitin tsallaken titi,
likita ya kira shi, ya sallama a ɗari takwas da arba'in,
rabi nasu, rabi na Delbert.
Shi sari aka saya masa.
Kai, bawan Allah, kiri ka zo saye.

In ce farashin da ke littafinmu
da gangan aka ɗora shi can sama,
don in an zaftare a tsira da na haya,
na wuta, na safar hannu, da ɗan albashina?
An rubuta shi ne don mai ƙarfi ya rage.
Wanda ba shi da mai taya masa
shi ake bar wa shi ɗungurum.

Ban faɗa ba.
Na ce, “In kuɗi hannu ne, akwai ragin kashi goma.”
Ya ƙirga da leɓe. Ya sake ƙirgawa.
“Cirewa fa?”
“Ɗari biyu da sittin.”
Ya daɗe yana shafa kuncinsa
kamar mai lallashin akuyar da zai kai kasuwa.

Kada ku ce Delbert ya haye.
Duk wata ana gutsurar albashinsa,
haƙori ya yi ciwo ko bai yi ba,
katin nan kuma rijiya ce mai gajeren zurfi.
A Nuwamba ya dawo da wani haƙorin,
na duba, na shekara ya ƙare.
Ya yi dariya da gefen baki ɗaya,
ya ce zai tauna da hagu har Janairu.

Amma Talatar nake ba ku labari.
Da yamma, bayan an kashe fitilar kujera,
na shiga kai takardu.
Lamba talatin na kwance a farantin ƙarfe,
saiwa biyu, farare tas.
Likita na wanke hannu, bai juyo ba,
ya ce, “Da ya ƙara shekara ashirin.”

Na rufe kwamfuta, na ja ƙofa.
A mota, a jan danja,
na tsinci harshena can ƙasa, hannun dama,
yana lalube,
yana ƙirga abin da nake da shi.